Tambayar da Ban Yi wa Likitana Ba

Daga Tawa, zuwa ga ɗiyata Ramatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kin tashi da sauƙi, ina roƙon Allah Ya kai ku Yamai lafiya ke da innarki, Ya tsare ku daga sharrin hanya da gyangyaɗin direba, Ya sa ku samu abin da kuka fita nema.

Na rubuta miki ne don kin san ba ni iya doguwar magana. Kafin in kai ƙarshen zance numfashina ya ƙare, a waya kuma sai ku ce, "Baba, rezo ba kyau," alhali layin wayar lafiyarsa lau, muryar ce babu. Na ba innarki takardar ta miƙa miki idan mota ta tashi. Kafin ku kai Ƙonni kin gama karantawa, sauran hanyar ki yi tunani a kanta.

Ciwon da aka gani a jininki shi ne nawa, aikin da za a yi miki a wuya shi aka yi mini, kuma daga wurinsa na fito da wannan raɗar da kike ji. Ke madam ce, kina da aji a Kalfu, rumfar zana cike da yara, iska na shiga ta ko'ina. Ba ki da abin aiki sai muryarki. Na kuma ji cewa surukinki Alhaji Gado ya riga ya zaɓa miki likita, ɗan wani amininsa, ya kira shi a waya a gabanki, ke kuma kin durƙusa kin ce "to, an gode". Wannan "to" ɗin ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da likitan nan na Tawa yake miki bayani da Faransanci na gan ki kina gyaɗa kai irin na wanda ba ya so a gane bai fahimta ba. A wurina kika koyi wannan gyaɗa kan, don haka bari in maimaita miki da Hausa. A bayan tsokar wuya, wadda idan ta kumbura ake ce mata maƙoƙo, akwai wasu 'yan ƙulli huɗu, kowanne bai wuce ƙwayar dawa ba sosai. Su ne paratiroyid. Aikinsu kula da kalsiyom, abin da ke ƙarfafa ƙashi. Idan ɗaya ta ɓaci sai ta riƙa kwaso shi daga ƙashi tana zubawa cikin jini. Ƙashi ya yi ta lalacewa, ƙoda ta tara tsakuwa, mutum ya yi ta fama da ƙishirwa da kasala da baƙin rai. Maganin shi ne a buɗe wuya a cire wadda ta ɓaci. A hannun wanda ya saba ba wani babban aiki ba ne. Sai dai daf da su jijiyar murya take wucewa, siririya kamar zaren ɗinki.

Ina diraktan lakwal, makarantar boko, a Tebaram na fara fitsarin tsakuwa. Kowa ya ce ruwan rijiya ne, ruwan Adar mai nauyi ne, tunda yana barin fari a gindin tukunya zai bar shi a ƙoda. Na yarda, don bayanin ya yi kama da ilimi. Ciwon ƙashi na ɗora wa babur da duwatsun hanya. Mantuwa na ce yawan aiki ne. Zafin rai kuwa mutane ne suka yi masa suna, suka ce Mushe Isufu, yadda ake kiran malamin lakwal ke nan, ba ya son jama'a. Ni da nake zana wa yara sassan jikin mutum a allo, na yi shekaru ina shan jiƙo da ƙwayoyin kashe zafi, ban taɓa cewa a auna jinina ba. Naki an gano shi da wuri. Kada ki bari a ce miki ki jira bayan jarrabawar yara, ko bayan damina, ko bayan Sallah. Za a samu wanda zai riƙe ajin. Ofishin sufeto ba zai aiko miki da ko gaisuwa ba idan ƙodarki ta lalace, na gwada na gani.

Da aka gano ciwon aka ce sai aiki, ban yi dogon tunani ba. Ina da aboki likitan fiɗa. Tare muka yi makarantar kwana, gadonsa na kusa da nawa, har yau "Promo" muke ce wa juna, wato abokin aji ɗaya. Ba zan rubuta sunansa ba, kin san shi, ya zo ɗaurin aurenki. Mutumin kirki ne. Hannunsa ya ceci mata da yawa a wurin haihuwa, ya ɗinke masu gwaiwa ba iyaka. Na kai masa takarduna, ya duba, ya yi dariya.

"Promo, wanga ɗan abu ya hana ka kwana? Kawo wuyan in cire ma shi kamar ƙaya."

Tambaya ta zo mini har bakin harshe: sau nawa ka taɓa yin irin wannan aikin? Na haɗiye ta. Yaya zan dubi mutumin da muka ci tuwo a kwano ɗaya in tambaye shi ko ya iya aikinsa? A wurinmu wannan zagi ne. Sai na mayar da abin wasa, na ce, "In ka kashe ni, kai za ka riƙe mani iyali."

Ya ce, "Madam dai zan riƙe. Yaran a kai su gidan kawunsu, kansu irin naka ne, ba su jin magana."

Muka tafa, muka sha shayi. Iyakar shawarar da na yi a kan wuyana ke nan.

Aikin ya daɗe fiye da yadda ya faɗa. Ba a yi hoton wuyan da kyau ba kafin a shiga, don haka ya yi ta lalube. Da na farka na ga innarki a bakin gado, na buɗe baki in kira ta, iska ce kawai ta fito. Promo ya ce bututun numfashi ne ya goge mini maƙogwaro, zai wuce. Ba ƙarya ya shirya ba, sau da yawa haka abin yake, mutum ya yi 'yan kwanaki da dishewa ta tafi. Dishewar tawa ba ta tafi ba. Idan na sha ruwa sai in ƙware. Da aka sake auna jini, kalsiyom yana nan inda yake. An yanka ni, an taɓa jijiya, ƙullin da ya ɓaci kuma yana nan a ciki yana aikinsa.

Kin ɗauka daga nan zan hankalta. Ban hankalta ba. Na zauna na ƙi zuwa wurin wani likita, don idan na je kamar na yi shela ne a Tawa cewa Promo ya kasa. Na tsare masa mutunci da muryata. Na koma lakwal ina rubuta umarni a allo, ina buga tebur da sanda don yara su yi shiru. Yara ba su da mugunta, amma suna da kunne, ba su daɗe ba suka iya kwaikwayon raɗata a bayan aji. Daga baya aka ɗauke ni aka kai ni ofis, aka ba ni kujera kusa da taga da tarin takardun da ba mai nemansu, na zauna a nan har ritaya. Mun haɗu da Promo a wata jana'iza kwanan baya. Ya riƙe hannuna ya ce, "Promo, ya muryar?" Na ce da sauƙi. Har yau ban tambaye shi ba.

An koya mana Faransanci mai kyau, Ramatu. An koya mana yadda ake rubuta wa minista takarda da ladabi bakwai a ƙarshenta. Ba a koya mana mu tambayi wanda ke samanmu ba. A gida aka ce yaro ba ya tambayar babba, a lakwal aka ce ɗalibi ba ya tambayar mushe, ni ma haka na yi wa 'ya'yan mutane. Duk takardun shaidar da ke cikin akwatina ba su ba ni bakin yin tambaya ɗaya ba ranar da na buƙace ta.

To ga abin da nake so ki yi. Ki je wurin likitan da Alhaji ya zaɓa. Ban san shi ba, ba ni da abin zarginsa, mai yiwuwa shi ne gwanin ƙasar nan. Ki gaishe shi, ki isar masa da gaisuwar Alhaji, sa'an nan ki zauna a kujera, kada ki tsaya kamar wadda aka kira ofishin sufeto. Ki dube shi ki ce, "Likita, wannan aikin na paratiroyid, kana yinsa a kai a kai ne, ko jefi-jefi? Yaushe ka yi na ƙarshe?" Ba aikin wuya gaba ɗaya za ki tambaya ba, ba maƙoƙo ba, wannan ɗin takamaimai. Wanda ya saba ba ya jin haushin tambayar, zai ba ki amsa kai tsaye kamar an tambaye shi hanyar gidansu. Idan ya yi dariya ya ce "ke dai ki kwantar da hankalinki", ko ya shiga ba ki labarin ƙasashen da ya yi karatu, ko ya tuna miki cewa shi da gidan Alhaji abu ɗaya ne, to ya ba ki amsa. Ki yi godiya, ki tattara takardunki, ki nemi wani.

Ki tambaye shi yadda zai gane wace ce ta ɓaci cikin huɗun kafin ya sa wuƙa. Akwai hoton eko na wuya, akwai wasu hotunan ban da shi, ya gaya miki wanda za a yi da inda ake yinsa. Ki ce masa idan hoto bai nuna komai ba fa, ko ya buɗe bai samu a inda ya zata ba, me zai yi. Waɗannan 'yan ƙullin ba kullum suke zama inda littafi ya ajiye su ba. Ki gaya masa aikinki, ki ce da murya kike cin abinci, ki tambaye shi yadda yake kiyaye jijiyar, da ko za a leƙa maƙogwaronki kafin aiki don a san yadda yake tun farko. Kada ki yarda da wanda ya ce miki babu haɗari ko kaɗan. Akwai shi, ƙarami ne a hannun gwani, amma gwani ba ya ɓoye shi.

Wanda ya yi mini aiki na biyu haka ya yi. Innarki ce ta gaji da ni, ta ce idan ban je Yamai ba, za ta tafi gidansu a Affala ta bar ni da tsakuwata. Na je. Matashi ne, ba ya fara'a, bai tambaye ni ɗan gidan wa nake ba. Ya sa aka yi hotuna, aka leƙa maƙogwarona, ya ce ɓangare ɗaya na muryar ya mutu, ba shi da ikon dawo da shi. Ya ce shiga wuyan da aka taɓa yankawa ya fi wuya, don tabo ya manne komai, kuma ɗaya jijiyar ita kaɗai ta rage mini. Na ji haushinsa a ranar, na fito ina ce wa innarki yaron ba shi da tarbiyya. Shi ne ya warkar da ni. Biyu ya samu sun ɓaci, ba ɗaya ba. Shi ne kuma ya ce irin nawa yakan bi jini, in sa a auna 'ya'yana, ta haka aka gano naki. Da yana nan da wurinsa na aike ki, amma ya bar ƙasar kamar yadda masu hannu suke bari. Don haka ki faɗa wa duk wanda zai yi miki aiki, tun kafin ya tambaya, cewa mahaifinki ya yi wannan ciwon kuma biyu aka cire masa. Wannan zai iya canza yadda zai shirya aikin. Ƙannenki da suke ta kawo uzuri, idan kin dawo ki tisa su gaba a auna su, ni sun daina jin maganata, kuma ba laifinsu ba ne.

Kafin ranar aiki ki yawaita shan ruwa, kada ki yi azumin nafila, kada ki bari zafin Yamai ya busar da ke, don rashin ruwa yana ƙara hawan abin a jini. Duk abin da kike sha ki lissafa wa likita da mai sa barci, har ƙwayar ciwon kai da kike saye a tebur, har jiƙon da gwaggonki ta aiko. Kada ki ji kunyar faɗin jiƙon, sun san muna sha. Idan akwai shakkar ciki, ki faɗa. Na san ba magana ce ta uba ba, shi ya sa na rubuta ta ban faɗe ta ba.

Za su ce miki daga lokaci kaza kada ki ci kada ki sha. Ki gaya wa innarki wannan da Hausa, don ta taho da gorar rubutu a cikin kayanta, na gan ta tana naɗe ta a zane. Ni ta ba ni nawa da safiyar aikin, ta haɗa mini da fura don kada in shiga da yunwa. Mai sa barci ya tambaye ni ko na sha wani abu, sai ya ga farin fura a gemuna. Aka ɗaga aikin. Da ya tsaya ya yi mini bayanin abin da ke faruwa idan mutum ya yi amai yana cikin barcin allura, ban sake ganin laifinsa ba. Ki sha rubutunki tun jajibiri, Allah Ya san lokacin da aka sha shi.

Bayan aiki wuyan zai yi tsami, haɗiya za ta yi zafi, murya na iya dishewa na ɗan lokaci. Wannan ba abin tsoro ba ne. Abin da ba a jira da shi shi ne wuya ya fara kumbura da sauri, ko ki ji numfashi yana miki wahala. A nan kada innarki ta yi sallama da ladabi a ƙofar ofis, ta ɗaga murya. Idan kuma dishewar ta wuce lokacin da likita ya ɗiba miki, ko kina ƙwarewa da ruwa, ki ce a kai ki wurin likitan maƙogwaro ya leƙa. Kada ki karɓi "zai wuce" har sau biyu. An ce mini da na zo da wuri akwai abubuwan da za a gwada.

Abin da ya kusa kashe ni kuwa ba wuƙa ba ce. Bayan aiki na biyu aka ba ni ƙwayoyin kalsiyom da wani magani da ke taimaka masa shiga jiki, aka ce in riƙa sha a kan lokaci. Ƙashin da aka yi shekaru ana kwashe masa abinci, da zarar an cire ɓarawon sai ya shiga zuƙe kalsiyom daga jini kamar busasshiyar gona ta samu ruwan farko, jinin ya koma ba shi da isasshe. An yi mini bayanin. Sai watan azumi ya kama ba da daɗewa ba. Na ji ƙarfi, na ga maƙwabta suna kallona, na ce mutumin da ake yi wa kallon ɗan boko mara addini ba zai zauna yana shan ruwa da rana ba. Na ɗauki azumi, na tattara ƙwayoyin na mayar da su bayan shan ruwa, wata rana ma in manta. Leɓena ya fara yi mini kamar tururuwa na tafiya a kai, yatsuna suka fara tsira-tsira. Na ce sanyi ne. Ranar da abin ya kai ni ƙasa ina alwalar la'asar ne, hannuwana suka murɗe suka ƙame, buta ta faɗi, na kasa buɗe yatsuna. Maƙwabcinmu ya ce iska ce, aka fara neman turare. Innarki ta ce a sa ni a mota. Da ƙarin ruwa aka kwance ni.

Allah bai ɗora wa mara lafiya azumi ba, ni na ɗora wa kaina don idon mutane. Idan naki ya zo kusa da watan, ki tambayi likita, idan ya ce a'a ki ajiye ki rama. Tururuwar leɓe da ta yatsu ita ce alamar farko. Tun kafin a sallame ki, ki sa ya faɗa miki abin da za ki yi idan kin ji ta, da wanda za ki kira, ki riƙe lambarsa. Kada ki koma Kalfu sai an auna jinin an ce ya daidaita, can babu inda za a auna shi, kuma kada ki tafi da ƙwayoyin da ba za su kai ki ba. Bayan wasu watanni za a sake aunawa, ki je ko da kina jin kanki garau. Da wannan awon ake sanin an warke, ba da ganin tabo ya bushe ba.

Sai 'yan dubiya. Za su zo, dangi na Affala da na Kalfu da abokan aikinki, kowa zai zauna ya jera miki gaisuwa har sai ya ga ƙarshenta, ke kuma tarbiyya za ta sa ki amsa kowace ɗaya. Ni na yi haka, na wuni ina "da sauƙi, alhamdu lillahi" da wuyan da aka ɗinke, don kada a ce Mushe ya yi girman kai. An ce ɗin duk da haka. Ki bar innarki ta amsa, ta iya. Wasu za su ce a gasa miki wurin da ruwan zafi, wasu su kawo abin shafawa. Kada a sa komai sai abin da likita ya ce. Idan ya warke ki rufe shi daga rana da mayafinki, tabon zai dushe ya ɓace cikin layin wuya.

Akwai abin da ba likitan da zai faɗa miki. Na ɗauka ranar da aka cire ƙullin za a cire baƙin raina tare da shi. Wani ɓangare ya tafi, gaskiya ne. Ƙishirwa ta tafi, kaina ya washe, na daina neman tabarau alhali suna kan hancina. Na jira sauran ya bi bayansa, bai bi ba, sai na gane wannan nawa ne, ba na ciwo ba. Kin girma a gidan da ake rage murya idan an ji ƙarar babur ɗina. Ban san nawa ne laifin jini nawa ne laifina ba, kuma yanzu ba mai iya raba mini su. Ke ba ki kai can ba. Idan kin ga kwanakin nan kina faɗa da mijinki a kan abin da bai kai ba, kina tsawa wa yaranki, kada ki yanke wa kanki hukunci tukuna. Ki jira bayan aikin ki ga wadda za ta rage.

Na san abin da kike faɗa a ranki tun daga farkon takardar nan. Baba yana magana ne kamar bai san gidan da nake aure ba. Idan na tambayi ɗan aminin Alhaji ko ya iya aikinsa, kafin in fito daga ofis labari ya iso Tawa. Idan na bar shi na je wurin wani, na watsa wa Alhaji ƙasa a ido, mijina kuma ya rasa inda zai sa kansa. Na sani. Shi ya sa jiya bayan la'asar na sa babbar rigata na tafi shagonsa a kasuwa.

Yana zaune cikin buhunan albasa da mutanensa. Ya ce, "Mushe, lahiya? Kai da ba ka shigowa kasuwa." Aka ba ni kujera. Na fara magana, ƙarar motoci da ta masu kaya ta shanye ta. Ya ce, "Mi kac ce?" Na maimaita. Dole ya sauko da kansa ya kawo kunnensa kusa da bakina, a gaban yaransa da abokan cinikinsa.

Na ce, "Alhaji, an gode da ɗawainiya. Amma ni na umarci Ramatu ta tambayi likitan nan sau nawa ya yi wannan aiki. In amsar ba ta yi ba, ni na ce ta tafi wurin wani."

Ya ja da baya ya dube ni. "Yaron nan a hannuna ya tashi, Mushe. Ubansa da ni tare munka fara fatauci. Ɗiyarka ɗiyata ce, kana ganin zan miƙa ta inda za a cuce ta?"

Na ce ban ga haka ba. Na ce wanda ya yi mini nawa ma ba ya nufina da cuta, ya fi kowa sona.

"To ai komi na Allah ne. Abin da ya same ka rubutacce ne."

Na ce rubutacce ne, amma ni na kai wuyan da ƙafata, bakina a rufe.

Ya ci gaba da jan carbi. Can ya juya wajen mutanensa ya ce, "Kun ji 'yan boko. A yi masu alheri su ce a kawo shaida." Suka yi dariya. Bai raka ni ba, bai ce in gaida gida ba. Ina jin ba zai sake aiko mana da albasar bana ba, kuma idan mun haɗu a masallaci gaisuwar za ta gajarta.

Ban damu ba. Sunana ya riga ya ɓaci a garin nan tun kina goye, wannan ba zai ƙara masa nauyi ba. Yanzu kowa a kasuwa ya ji cewa tsohon nan mai baƙin hali ne ya tilasta miki. Idan likita ya ɓata rai, ki ce umarnin mahaifinki ne. Idan Alhaji ya kira, mijinki ya ce surukinsa ne, kun san halinsa. Babu wanda zai yi musu. Na ɗauke miki kunyar Tawa gaba ɗaya. Abin da ba zan iya ɗauke miki ba shi ne lokacin da ƙofa za ta rufe, ya rage daga ke sai shi, yana murmushi yana tambayarki lafiyar Alhaji. A nan tambayar za ta zo miki bakin harshe, za ki ji nauyinta, za ki ji kamar wasa ya fi sauƙi. Ki yi ta. Ko muryarki na rawa, ki yi ta.

Allah Ya haɗa ki da likita mai gaskiya, Ya daidaita hannunsa, Ya buɗe masa ido ya ga abin da ya shiga nema. Allah Ya sa ki kwanta lafiya ki farka lafiya, Ya ba innarki ƙarfin jinya, Ya tsare miki yaranki da ajinki har ki komo. Allah Ya dawo mini da ku gida cikin aminci.

Ranar da kuka dawo, kada ki shigo shiru don kina tsammanin ina kwance. Ki tsaya a ƙofar gida ki yi sallama irin wadda kike yi wa yaran da ke bencin ƙarshe. Ba za ki ji amsata ba daga can, amma na amsa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isufu